Dokar Masu Buƙata ta Musamman da Karatun 'Ya'yanmu a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga bakin iyayen yara makafi, kurame, guragu da masu jinkirin fahimta, da kuma malaman firamare da ake kawo wa irin waɗannan yara ba tare da an koya musu yadda za su yi da su ba. An sa wa kowace tambaya lamba domin amsoshin suna jingina da juna.

1. Wace doka ake nufi idan an ce "dokar naƙasassu"?

Dokar tarayya ce da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci. Majalisar Tarayya ta zartar da ita a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Janairun 2019. Ta taɓa gine-gine, sufuri, lafiya, aikin gwamnati da ilimi. Ita ce ta ware wa masu naƙasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ita ce kuma ta haifar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Tushenta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 2006, wadda Najeriya ta sa wa hannu a 2007, ta tabbatar a 2010. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Wannan ya sa tsakanin 2010 da 2019 alkawari kawai ake da shi a hannu, babu abin da lauya zai ɗaga daga cikin yarjejeniyar a gaban alƙali.

2. To ai tun da daɗewa akwai manufar ilimin yara masu buƙata ta musamman. Mene ne bambancinta da doka?

Gaskiya ne, manufa ta riga doka zuwa da nisa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi a kan ilimi na musamman, a shekarar ce kuma aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo domin horar da malaman wannan fanni. A 2015 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta kanta a kan ilimin masu buƙata ta musamman, daga baya ta ƙara da manufar haɗa dukkan yara a makaranta ɗaya, wadda aka sake dubawa a 2023.

Bambancin shi ne, manufa takardar niyya ce. Ma'aikata ce ke rubuta ta, ma'aikata ce ke iya sauya ta ko ta ajiye ta a durowa, kuma ba a ɗaure kowa don ya saɓa mata. Doka kuwa majalisa ce ke yin ta, tana da hukunci, ana zuwa kotu da ita. Amma kowace tana buƙatar 'yar'uwarta. Doka ta ce yaro yana da haƙƙin karatu, ba ta faɗi yara nawa za a ba malami ɗaya ba, ko yadda za a gwada jin yaro kafin a sa shi aji, ko wanda zai sayi takardar rubutun makafi. Waɗannan aikin manufa ne da kasafin kuɗi. Doka kamar takardar mallakar fili ce: tana hana a kore ka, amma ba ta gina maka ɗaki.

Shi ya sa in za ku yi magana da hukuma, ku riƙe biyun. Da doka ake cewa "dole ne", da manufa ake cewa "ga yadda ku da kanku kuka rubuta za a yi". Wanda ya je da manufa kaɗai, za a ce masa ya yi haƙuri. Wanda ya je da doka kaɗai, za a ce masa an ji, amma ba a san ta ina za a fara ba.

3. Takamaimai me dokar ta ce a kan makaranta?

Sassa huɗu ne, daga na 17 zuwa na 20. Na 17 ya ce mai naƙasa yana da cikakken haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ko wariya ba, karatunsa kyauta ne har ƙarshen sakandare, kuma hukumar ƙasa ce za ta samar da kayan da ke taimaka masa wajen koyo. Na 18 ya ce dukkan makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, a tafiyar da su yadda mai naƙasa zai iya shiga ya yi karatu. Kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar a kan haka, da kayan aiki, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja.

Na 19 ya ce a rage wa masu karatun zama malaman wannan fanni tsadar karatu. Na 20 ya wajabta wa gwamnati koyar da makafi, kurame da masu lalura fiye da ɗaya ta harshe da hanyar da ta fi dacewa da kowane yaro. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zai dawo a tambaya ta 6.

4. Dokar Abuja ce. Tana aiki a kan firamaren ƙauyenmu?

Nan lauyoyi suke da ja-in-ja. Ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi duk suke da ikon yi wa doka, kuma firamare da ƙaramar sakandare suna hannun hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 23 na jihar. Don toshe wannan kafa ne jihohi suke yin dokokinsu, kuma Sakkwato tana cikin waɗanda suka yi. Ga kuma Dokar Kare Yara ta jiha da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a 2021.

Akwai wata tsohuwar doka da mutane ke mantawa da ita, alhali ta fi sauƙin kamawa: Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004. Ta ce kowace gwamnati ta ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta kuma dole, ba ta cire kurma ko gurgu ba. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki da ya yi maganar ilimi kyauta yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa kai tsaye, amma a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa dokar 2004 ta mayar da karatun matakin farko haƙƙin da ake iya nema a kotu.

5. Hedimasta ya ce ba su da malamin kurame, in kai ɗiyata makarantar musamman ta cikin gari. Yana da wannan iko?

Yana iya ba ku shawara, ba ya iya rufe muku rajista. Rashin malami matsalar hukuma ce da sashe na 18 na dokar naƙasassu ya ɗora mata, ba laifin yarinya ba ne. Sau da yawa hedimastan ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Mutum ne mai aji cike maƙil, yana tsoron ya karɓi yarinyar ta zauna shekara uku ba ta koyi komai ba. Tsoronsa yana da tushe, amma maganinsa shi ne ya rubuta wa sakataren ilimi yana neman malami ko horo, ba ya mayar da ku gida ba.

Ku roƙe shi cikin ladabi ya rubuta dalilinsa a takarda ya sa hannu. Yawanci a nan maganar take sauya salo. In ya ƙi, ku duba tambaya ta 14.

6. Tsakani da Allah, wanne ya fi wa yaro: makarantar musamman ko zama aji ɗaya da sauran yara?

Duniya ta karkata ga haɗawa tun taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, sashe na 24 na yarjejeniyar 2006 ya ƙarfafa hakan, dokarmu ma ta bi sahu. Tsarin da muka gada kuwa na warewa ne, tun daga makarantar makafi ta Gindiri da 'yan mishan suka buɗe a 1953. A Sakkwato, in aka ce karatun kurame ko makafi, makarantar A. A. Raji da ke cikin gari ce ke faɗo wa kowa a rai. Ta yaye mutane da dama da ke cin gashin kansu a yau. Amma makaranta a babban birni ba za ta ɗauke yaran Isa, Sabon Birni, Gudu, Tangaza da Kebbe ba, kuma uwa da yawa ba za ta saki yarinya 'yar shekara shida da ba ta magana ta tafi nesa da ita ba. In babu haɗawa, mafi yawan waɗannan yara ba wata makaranta za su je ba, gida za su zauna.

A ganina amsar ta danganta da yaron. Wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa, kansa garau, ba shi da abin nema a makarantar musamman. Abin da yake buƙata gangara ce a bakin aji, bayan gida da keken guragu zai shiga, da aji a ƙasa in makarantar bene ce. Zabiya yana buƙatar kujerar gaba, rubutu manya, izinin sa hula da riga mai dogon hannu, da a daina tsayar da shi a cikin zafin ranar Sakkwato lokacin taron safe. Duk wannan bai kai kuɗin fentin aji ba. Makaho yana iya koyon rubutun makafi da tafiya da sanda a shekarun farko, sannan ya shiga aji da kowa.

Kurma ne lamarinsa ya bambanta, kuma nan nake ganin masu kiran a haɗa kowa da kowa suna yin gaggawa. Yaron da ba ya ji, in aka zaunar da shi cikin masu ji babu mai yi masa maganar hannu, jikinsa ne a aji, shi yana waje. Harshe yake buƙata kafin komai, kuma a cikin 'yan'uwansa kurame yake samunsa. Sashe na 20 ya bar wannan ƙofa a buɗe da ya ce a bi hanyar da ta fi dacewa da yaron. Matsakaiciyar hanya ita ce a ware aji ɗaya na kurame da malaminsa a cikin babbar firamaren kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, su yi wasa da salla tare da kowa, su yi karatu da harshensu.

7. Maganar hannun da muke yi da shi a gida ba ita ake yi a makaranta ba. Mu daina tamu?

Kada ku daina. Maganar hannu ta ƙasar Hausa tsohuwa ce, da ita kurame ke ciniki a kasuwa tun kafin boko. Wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaro yana iya riƙe biyun kamar yadda ɗan'uwansa ke riƙe Hausa da Turanci. Abin da ke cutar da shi shi ne ya kai shekara bakwai babu ko ɗaya. In da hali, wani a gidan ya koyi ta makarantar, ko da yayarsa ce, don ya samu mai duba masa aikin gida.

8. An ce karatu kyauta ne. Wa zai sayi na'urar ji, allon rubutun makafi ko keke?

A takarda, hukumar ƙasa ce (tambaya ta 3). A aikace, kuɗin da ya fi kusa da ku ta hanyar UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, yake biyowa. Dokar 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin 100 na wannan kuɗin ne ke zuwa ga ilimin masu buƙata ta musamman. Kashi biyu na kashi biyu, a raba wa jihohi 36 da Abuja. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa sashe na 17 yake da daɗin karantawa amma ba a ganinsa a aji.

Don haka ku nema a rubuce ta hannun hedimasta zuwa SUBEB, amma kada ku tsaya nan. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman wurare ne da ya dace a buga wa ƙofa. Abu ɗaya dai: kada ku sayi na'urar ji a kasuwa ba tare da an gwada kunnen yaron a asibiti ba.

9. Yarona lafiyarsa lau a ido, amma yana aji huɗu bai iya karanta sunansa ba. Dokar ta shafe shi?

Tana iya shafarsa, domin naƙasa a dokar ba ta tsaya ga abin da ido ke gani ba, ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa da ta fahimta mai ɗorewa. Waɗannan yara ne aka fi zalunta, don su ake kira daƙiƙai, su ke shan bulala, wasu a ce aljanu ne. Kafin komai a duba ido da kunne. Sanƙarau da ƙyanda sukan bar yaro da raunin ji, kuma ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato ba. Yaron da ke jin rabin abin da malam ke faɗa zai yi kama da mara fahimta.

In ido da kunne lafiya, sai a nemi likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Jin sunan Kware kada ya firgita ku, ana duba farfaɗiya da jinkirin girma a irin wannan asibiti, ba taɓin hankali kaɗai ba. Ku karɓi rahoton likita, ku kai wa makaranta kwafi, ku riƙe na asali. Yaro mai farfaɗiya ba a korarsa daga aji, kuma ba a ɗaukar cutar ta yawu ko taɓawa.

10. Sai da takardar shaidar naƙasa za a yi masa rajista?

A'a. Dokar ta yi maganar takardar shaida da hukumar ƙasa ke bayarwa, kuma tana da amfani wajen neman tallafi, aiki ko sauƙin jarrabawa (tambaya ta 13). Amma sassan da suka yi maganar ilimi ba su sa ta sharaɗin shiga makaranta ba.

11. Makarantun kuɗi da Islamiyyu fa?

Sashe na 18 makarantun gwamnati ya ambata, don haka ba za ku tilasta wa mai makarantar kuɗi ya ɗauki malamin kurame da wannan sashe ba. Amma sashe na 1 ya hana kowane mutum ko cibiya nuna bambanci saboda naƙasa. Mai makarantar da ya ƙi karɓar yaro gurgu don "iyayen sauran yara ba za su so ba" ya shiga hurumin wannan sashe.

Islamiyya da makarantar allo kuwa, a nan ba doka ce ta fara magana ba. Ƙasar nan ta san makafi mahaddata tun fil azal, kuma duk malamin da ya karantar da Suratu Abasa ya san a kan wa ta sauka: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi. Inda aka bar baya shi ne kurame, da yawansu suna girma ba wanda ya koya musu alwala da salla da harshen da suke fahimta.

12. Mene ne hukuncin sa yaro mai naƙasa bara?

Sashe na 16 ya haramta amfani da mai naƙasa wajen bara ko yawo da shi don neman sadaka, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2004 ma ta tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta.

Sai dai kama mutane ba zai cika aji ba matuƙar makarantar unguwa tana mayar da yaron gida. Akwai kuma yaron da ba a lissafa shi: ɗan jagora, mai idonsa da ƙafarsa, da ke riƙe sandar mahaifinsa daga safe har magariba. Shi ma karatunsa naƙasa ce ta cinye shi, ko da ba a jikinsa take ba. Duk shirin da bai zauna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a kan wannan ba, ba zai yi nisa ba, domin su jama'arsu ke saurare.

13. Yaya ake yi da jarrabawar gama sakandare da ta shiga jami'a?

Hukumomin WAEC da NECO suna tanadar takardun rubutun makafi da na manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana lalurar ɗalibi tun lokacin rajista. In aka yi rajistarsa kamar kowa, ranar jarrabawa ba abin da mai sa ido zai iya yi. Iyaye su bi wannan da kansu tun yaro yana aji biyar na sakandare.

JAMB kuwa, tun 2017 a zamanin Farfesa Ishaq Oloyede ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano. Mai son zama malamin wannan fanni kuma, ban da kwalejin Oyo, akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos.

14. An tauye wa yarona haƙƙi. Ina zan dosa, kuma me zan samu?

Ku fara daga ƙasa, komai a rubuce, da kwanan wata, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Hedimasta da kwamitin gudanar da makaranta, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai SUBEB, ko Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare in babbar sakandare ce. Takardar ta faɗi sunan yaro, ranar da abin ya faru, abin da aka ce, sashen dokar da aka saɓa, da abu guda da kuke nema. "A ba shi aji a ƙasa kafin zangon karatu mai zuwa" ya fi "a duba lamarinmu" saurin samun amsa. Ku tafi da wakilin reshen jiha na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, in za ku iya, sun san ofisoshin kuma an san su.

In shiru ya yi yawa, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Sakkwato, karɓar koke kyauta ne, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Hukuncin nuna bambanci a sashe na 1 shi ne tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko cibiya, naira 100,000 ko wata shida ko duka biyun ga mutum ɗaya, kuma wanda aka zalunta yana iya shigar da ƙarar neman diyya ko an hukunta mai laifin ko ba a hukunta shi ba. In maganar gini ce, wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don gyara gine-ginen jama'a ya cika tun Janairun 2024.

15. Wani ɗan'uwa a Amurka ya ce can makaranta tana rubuta wa kowane yaro tsarinsa. Muna da irin wannan?

Abin da ya faɗa haka yake. Can suna da dokokin hana bambanci, ta 1973 da ta 1990, sannan suna da doka daban ta ilimi da aka yi a 1975, aka sauya mata suna zuwa IDEA a 1990. Ita ce ta tilasta a gwada yaro kyauta, a zauna da iyayensa a rubuta abin da zai koya da taimakon da za a ba shi, a sake dubawa duk shekara, kuma iyaye suna da hanyar ƙalubalantar makaranta in ba su gamsu ba. Tamu dokar ta tsaya a matakin farko: ta ba da haƙƙi, ba ta shimfiɗa wannan hanya ta yaro ɗaya-ɗaya ba. Wannan ne giɓin da tambaya ta 2 ta yi nuni da shi, kuma Majalisar Dokokin Jiha tana da ikon cike shi ba sai ta jira Abuja ba.

Kafin nan, ba abin da ya hana ku yin ƙaramin irinsa. A farkon zango ku zauna da malamin aji da hedimasta, ku rubuta abu uku ko huɗu a shafi ɗaya: inda yaron zai zauna, abin da ake so ya iya kafin hutu, wanda zai taimaka masa zuwa bayan gida, abin da za a yi in farfaɗiya ta tashi. Kowa ya sa hannu, a sa ranar da za a sake zama. In aka yi wa malamin canjin wurin aiki, takardar ce za a miƙa wa wanda ya gaje shi.